Ƙugiyar Aro Ba Ta Rufe Katara

A shagunan gyaran kwamfuta da na buga takardu da ke Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi akwai wata magana da ta kusa zama karin magana: "Haruffan ne suka lalace, a sake ɗora su." Ana yin ta ne idan kwamfuta ta sami matsala aka yi mata fomatin, aka dawo da fayilolin da aka ajiye a filash, sai mai ita ya buɗe rubutunsa na Hausa ya tarar Maƙarfi ta koma Maqarfi ko Ma}arfi, Ɗandamisa ta koma Xandamisa ko [andamisa, ɓangare ya koma vangare ko ~angare. Daga nan mai gyara zai zaro wani tsohon filash, ya kwafo zubin haruffan da aka yi bugun da shi, ya ɗora, ƙugiyoyi su dawo, a biya shi, kowa ya kama gabansa.

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhaja muna cewa wannan rufa-rufa ce ake kira gyara. A mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace a ranar da aka dawo da ajiyar. Asiri ne kawai ya tonu: tun ranar da aka buga rubutun babu ƙ ko ɗaya a cikinsa, babu ɗ, babu ɓ. Aro aka yi, mai kaya kuma ya karɓi kayansa. Duk ofishi ko makaranta ko maɗaba'ar da ke ci gaba da buga Hausa ta wannan hanya a yau, da hannunta take binne rubutun mutane, ko da kuwa ba ta sani ba.

Abin da ke cikin fayil

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Idan ka danna a, lamba 97 take ajiyewa. Idan ka danna q, 113 take ajiyewa. V kuma 118, x 120. Zubin haruffa, wato irin su Times New Roman da Arial da ake zaɓa a saman shafi, wani fayil ne daban mai ɗauke da zane-zane, aikinsa shi ne ya ce lamba kaza ga yadda za a zana ta a fuskar kwamfuta ko a takarda. Lambar ita ce mutum, zubin kuwa riga ce. Kana iya sauya wa mutum riga sau goma a rana, sunansa yana nan yadda yake.

Tsarin lambobin da kwamfutoci suka taso da shi, ASCII, a Amurka aka tsara shi, ya fara fitowa a 1963, kuma gurbi 128 ne kacal a cikinsa. An yi shi ne domin Ingilishi, saboda haka babu wanda ya tanadar wa ƙugiyar Bahaushe wuri. Da kwamfuta ta shigo ofisoshinmu, masu buga Hausa sai dai su buga k da d da b, in takarda ta fito a bi da biro ana lanƙwasa musu kai ɗaya bayan ɗaya. Sai aka samo dabara. Tunda Hausa ba ta amfani da q da x da v, me zai hana a goge zanensu a cikin zubi, a zana ƙ da ɗ da ɓ a gurbinsu? Wasu zubin kuma suka ɗora ƙugiyoyin a kan alamomin } da ] da ~. Ido ya ga ƙasa, kwamfuta kuwa qasa ko }asa ta rubuta a littafinta.

Dole a yaba wa waɗanda suka yi wannan aiki. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da zubin Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ba marubuta da malamai da maɗaba'u damar fitar da Hausa da ƙugiyarta daga kwamfuta a lokacin da babu wata hanya mai sauƙi. Littattafai da kundaye masu yawa da su aka buga. Wanda ya haƙa rijiya lokacin fari ba shi da laifi idan jikoki suka ƙi buɗe famfo bayan an jawo ruwa har tsakar gida. Rigimarmu da jikokin ce.

Domin ruwan ya daɗe da zuwa. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta kansa, kuma tun a farkon shekarun 1990 ƙugiyoyinmu suna ciki. Lambar ƙ 409 ce, ta ɓ 595, ta ɗ 599, manyansu ma kowanne da tasa, har da ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu muke rubuta 'y. Gaskiya ne an ɗauki shekaru kafin manhajojin yau da kullum su iya aiki da su. Amma yau wayar da kake karanta wannan rubutu a kanta ta san su, Times New Roman da Arial da ke zuwa da Windows suna ɗauke da su. Harafin da aka buga da lambarsa ta gaskiya, ko an yi wa kwamfuta fomatin sau ɗari yana nan a ƙ.

Cuta huɗu, magani ɗaya

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne yadda ake haɗa cututtuka huɗu mabambanta a ba su suna ɗaya, a kuma ɗura musu magani ɗaya. Mai karatu ya kamata ya iya bambance su, domin wata ba ta da haɗari, wata kuwa in aka yi mata garaje ta tafi da rubutu har abada.

Ta farko ita ce wadda muka fara da ita, ƙugiya ta koma q da x da v ko baka-baka. Dalilinta shi ne ajiyar da aka yi ba ta haɗa da zubin ba. Mutum ya kwashe foldar takardunsa da hotunansa zuwa filash yana ganin ya gama, alhali zubin haruffa a cikin foldar Windows kanta yake zaune, wadda ita ce fomatin ke fara sharewa. A Windows 10, tun daga 2018, zubin da mutum ya ɗora wa kansa yana iya zama a wata ɓoyayyar folda da mai kwafe takardu ba zai ma gan ta ba. Da Word ta nemi zubin ta rasa, sai ta saka wa rubutun wata rigar, ainihin haruffan da ke ciki su bayyana.

Ta biyu ita ce ka ga ƙananan akwatuna a inda ƙugiya take. Wannan albishir ne. Rubutun lafiyarsa lau, lambobin daidai suke, rigar da aka saka masa ce ba ta da zanen harafin. Ka zaɓi wani zubin, shi ke nan. Kamfanin Google ya yi jerin zubi mai suna Noto musamman domin kawar da waɗannan akwatuna, ƙungiyar SIL kuma tana da Charis da Andika da Gentium, duk kyauta, duk da ƙugiyoyinmu.

Ta uku ita ce ƙ ta koma Æ™, ko ɗ ta koma É da dogon layi a gefenta. A nan zubi ba shi da hannu ko kaɗan. A tsarin ajiya na UTF-8, kowace ƙugiya guda biyu na ma'aunin ajiya take ci, sai wata manhaja ta karanta su da tsohon tsari ta ɗauka haruffa biyu ne daban. Maganinta shi ne a rufe fayil ba tare da an adana ba, a sake buɗe shi a gaya wa manhajar cewa UTF-8 ne. Akwai ƙanwarta mai mugun hali: idan aka adana rubutu a tsohon tsarin da bai san ƙugiya ba, kowace ƙ da ɗ da ɓ tana iya komawa alamar tambaya. Wannan babu zubin da zai dawo da ita, sai an bi kalma-kalma da hannu.

Ta huɗu ce kaɗai ta cancanci a ce fayil ɗin zubi ya lalace da gaske. Tana faruwa idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafi, ko aka zare filash bai gama ba, ko filash ɗin jabu ne mai nuna girman da ba shi da shi, ko ƙwayar cutar kwamfuta ta ci fayil. Alamarta ita ce Windows ta ƙi ɗora shi ta ce ba zubi ba ne, ko girmansa ya nuna sifili. Shi ma ba a ɗinke shi. Cire shi ake yi, a samo sabo daga inda aka yi shi, a ɗora, a kashe kwamfuta a kunna.

To a nan hujjarmu take. Idan rubutunka da lambobin gaskiya aka buga shi, lalacewar zubi ba ta fi yagewar riga ba, ka ɗauko wata ka saka. Idan kuwa da ƙugiyar aro aka buga shi, to ma'anar littafinka gaba ɗaya tana rataye ne a wuyan wani ɗan ƙaramin fayil da ke yawo daga filash zuwa filash. Ran da ya ɓace, ko ran da aka buɗe rubutun a inda babu shi, ka zama baƙo a cikin maganarka.

Abin da ake asara

Wani zai ce duk wannan surutu a kan ɗan lanƙwasa? To bari mu sauko gida. Maƙarfi gari ne da aka san shi da horar da ma'aikatan lafiya, albarkacin kwalejin da aka sa wa sunan Sarkin Zazzau Shehu Idris. Ma'aikacin lafiyar da zai rubuta wa mutanen Gazara ko Mayere takardar faɗakarwa da Hausa yana buƙatar ƙashi ya bambanta da kashi, ɓari ya bambanta da bari. Wanda ke rubuta takardar sulhu tsakanin maƙwabta a Paki ko Likoro yana buƙatar faɗa ta bambanta da fada, ƙara ta bambanta da kara, baƙi su bambanta da baki. Manoman rake da masu mazarƙwaila a Kudan da Maƙarfi, da manoman tumatir a Ikara, suna da ƙungiyoyi, suna da takardun yarjejeniya, da na cinikin gona, da na jingina, da na rabon gado. Irin waɗannan takardu ba ranar da aka rubuta su ake buƙatarsu ba, sai bayan shekara ashirin, lokacin da shaidu sun rasu, shagon da aka buga su ya zama wurin sayar da taki, kwamfutar kuma ta daɗe a bola.

Asarar ba ta tsaya ga karatu da ido ba. Ka nemi kalmar ƙasa a cikin fayil mai shafi ɗari uku da aka buga da ƙugiyar aro, kwamfuta za ta ce maka babu ita, domin qasa ce a wurinta. Ka sa ta jera sunayen mambobin ƙungiya bisa tsarin haruffa, Ɗanladi zai faɗa can ƙarshe wajen x. Makahon da ke amfani da manhaja mai karanta rubutu da murya zai ji shirme. Ka tura fayil ɗin ta WhatsApp, wanda ya buɗe a waya zai ga baka-baka, domin wayarsa ba ta da zubin, kuma yawancin masu karatun Hausa a yau a waya suke karatu. Masu karanta wannan mujalla sun sha cin karo da littattafan da aka watsa a intanet cike da }auna da ]aki, har wasu suka ɗauka sabon salo ne.

Akwai kuma asarar da ba a gani sai nan gaba. Manhajojin fassara da masu gyara rubutu da masu amsa tambaya daga rubutun da ke intanet suke koyon harshe. Idan suka tarar da ƙasa da kasa da qasa da }asa da k'asa, kalma biyar suke gani a inda muke da ɗaya. Harshen da rubutunsa a intanet bai taka kara ya karya ba, sai ga shi muna raba ɗan abin da ke akwai gida biyar. Gobe idan manhaja ta kasa bambance ƙura da kura, za a ce Bature ya raina mu, alhali abin da aka shuka shi ya tsiro. Haka kundayen digirin da 'ya'yan Ikara da Kudan suka kwana suna rubutawa a kan waƙoƙi da tarihin garuruwansu: suna nan a ajiye, amma mai bincike ba zai same su da neman kalma ba.

Ƙugiyar nan da wahala aka same ta

Abin kunyar shi ne a maƙwabtanmu, a Zariya, aka yi yawancin aikin daidaita rubutun boko. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. An yi ta gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi da waƙafi a gefensa, kafin a shekarun 1930 a tsaya a kan haruffa masu ƙugiya, zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar fassara da talifi a Zariya. A watan Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Abubakar Imam yana editanta na Hausa. A wancan zamani kowane harafi ƙarfe ne da sai an zuba shi kafin a jera a buga. Duk da haka ba su ce Bahaushe ai zai gane ba. Daga baya aka zauna a Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO, aka sake zama a Yamai a 1980, duk domin rubutun Hausa ya daidaita tsakanin ƙasashe.

Mutanen da ke aiki da dalma da tawada sun tsaya wa ƙugiya. Mu da harafin ke ƙarƙashin babban yatsanmu, kyauta, wane uzuri za mu kawo?

Uzurorin da aka saba ji

Na farko shi ne Bahaushe yana ganewa daga yanayin magana. Sau da yawa haka ne, kamar yadda mai gida ke iya tafiya cikin ɗakinsa a duhu. Amma yaro ɗan aji uku da ke koyon karatu fa? Bakatafe ko Bayarabe da ke koyon Hausa fa? Sunan mutum ko na ƙauye da ba ka taɓa ji ba fa, wane yanayi ne zai gaya maka ko da ƙugiya ko babu? Rubutu an yi shi ne domin wanda ba ya nan lokacin da aka yi maganar.

Na biyu shi ne wahala, wai haruffan ba sa kan madannai. A waya, Gboard na da Hausa, ƙara ta kawai za ka yi a jerin harsuna. A Windows akwai tsarin madannai na Hausa da ake ƙarawa daga wajen saitin harshe. Akwai Keyman, manhajar madannai ta kyauta. A cikin Word ma, in ka buga 0199 ka danna Alt da X tare, ƙ za ta fito, kuma kana iya ɗaura wa kowace ƙugiya gajeriyar hanya sau ɗaya ka huta. Wanda ya iya yawo da zubi a filash shekara goma ba zai ce wannan ta fi ƙarfinsa ba.

Na uku yana da tushe, shi ya sa za mu ba shi haƙƙinsa. A zamanin saƙon tes, saƙo ɗaya harafi 160 yake ɗauka, amma da ka saka ƙugiya ɗaya sai ya koma 70, kuɗinka ya ninka. Talaka ya yi lissafi ya jefar da ƙugiya, matasa kuma suka koma rubuta q a madadin ƙ. Wannan dalili ne na gaske a lokacinsa. A WhatsApp da Facebook da Telegram babu wannan haraji. Dalilin ya mutu, al'adar ce ta rage.

Na huɗu shi ne an mayar da shi PDF, ai ya tsira. PDF yakan tafi da zanen haruffa a cikinsa, shi ya sa ido ke ganin ƙugiya. Ka kwafo layi ɗaya daga ciki ka liƙa a wani wuri, za ka ga q da x suna yi maka dariya. An yi wa gawa kwalliya ne kawai.

Na biyar shi ne wanda ya fi ciwo: edita ne ya ce sai da zubi kaza. Har yanzu akwai mujallun ilimi da maɗaba'u da ke sharɗanta wa marubuci tsohon zubi, domin da shi injinsu ya saba. Marubuci ya buga aikinsa daidai, a tilasta masa ya lalata shi kafin a karɓa. Waɗanda ya kamata su zama masu gadin harshe su ne ke riƙe da ƙofar a rufe. Ga mai gyaran da ya san gaskiya ya yi shiru domin a dawo masa bayan kowane fomatin kuwa, muna tuna masa cewa kuɗin juyar da fayiloli zuwa tsari mai ɗorewa ya fi na ɗora zubi, kuma halal ɗinsa ta fi tsabta.

Yadda ake gyaran gaske

Duk mai tsohon rubutu yana iya ceto shi da kansa a zama ɗaya. Kafin komai, a yi kwafin fayil, a yi aiki a kan kwafin, asalin a bar shi yadda yake. Sai a duba a gane wace alama ce ke tsaye a madadin wace ƙugiya. Idan tsohon zubin yana kusa, a ɗora shi wannan karon domin a gwada, daga nan ya yi ritaya. Sai a buɗe wurin nema da musanyawa na Word, a kunna zaɓin da ke bambanta babban harafi da ƙarami, a yi musanya shida: ƙ da Ƙ, ɗ da Ɗ, ɓ da Ɓ. Wanda ya manta da wannan zaɓi zai iya tarar da manya da ƙanana sun cakuɗe.

Wurin da ake yin tuntuɓe shi ne kalmomin da q da x da v ɗinsu na gaske ne. Idan rubutun yana da sunaye ko kalmomin Ingilishi, musanyar kai-tsaye za ta mayar da Vischer ya koma Ɓischer. Idan kuma baka-baka aka ara, to bakan gaske ma za su tafi. Saboda haka a rubutu mai gauraye a riƙa musanyawa ɗaya bayan ɗaya, ko a taƙaita neman ga sassan da ke sanye da tsohon zubin, domin Word na iya nema bisa zubi. Kada a manta da bayanan ƙasan shafi da kanun shafi da rubutun cikin akwatuna. In an gama, a zaɓi rubutun duka a mayar da shi Times New Roman. Idan ƙugiyoyi suka tsaya, an warke. Gwaji na ƙarshe shi ne a kwafi sakin layi ɗaya a tura wa wani a waya.

Sai maganar ajiya kanta. Filash ɗaya a aljihu ba ajiya ba ce. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka daɗe da yarda da ita ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban, ko a intanet ko a gidan ɗan uwa a wani gari. Rubutu mai muhimmanci a ajiye shi a Word, a ajiye shi a PDF, a kuma ajiye shi a fayil ɗin rubutu tsura na UTF-8, wanda kowace na'ura ke buɗewa. Sannan a gwada ajiyar tun kafin ranar baƙin ciki: a kai ta wata kwamfutar da ba taka ba a buɗe. Ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da ita ba, rumbu ne da ba a taɓa leƙa cikinsa ba, sai bazara ake sanin ko gara ta riga ka.

Masu rubutun ajami ma wannan magana ta shafe su. A 2020 Unicode ta ƙara haruffan da ajamin Hausa ke buƙata, kuma akwai zubin Alkalami da aka yi bisa salon rubutun Kano, da Harmattan. Kada a maimaita wa ajami abin da aka yi wa boko.

Kiranmu

Ga sakatariyoyin ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, da sassan ilimi da na lafiya da na gona da ke ƙarƙashinsu: duk takardar Hausa da za ta fita daga ofis ta fita da haruffan gaske, tsofaffin fayiloli kuma a ware wanda zai juyar da su tun masu buga su suna raye. Ga masu koyar da kwamfuta a garuruwan nan: ranar da kuka koya wa ɗalibi buɗe Word, ranar za ku koya masa buga ƙ da ɗ da ɓ. Ga editoci da maɗaba'u: ku cire sharaɗin tsohon zubi daga ƙa'idojinku, ku kuma daina karɓar rubutun da babu ƙugiya da sunan sauri. Ga masu rubuta manhaja, 'yan gida da na waje: fom ɗin da ke ƙin karɓar sunan Ɗanjuma ko Bilƙisu yadda masu su ke rubuta su fom ne mai aibi, a gyara shi. Ga marubuta, musamman waɗanda littattafansu na shekarun 1990 da 2000 ke kwance a faifan CD da tsofaffin kwamfutoci: ku fito da su yanzu, faifai ba ya jiran kowa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar kwangila ko kasafin kuɗi ko tallafi daga waje. Lambobin suna nan fiye da shekara talatin, zubin kyauta ne, madannan kyauta ne. Abin da ya rage shi ne duk wanda aka ce masa haruffansa sun lalace ya tambayi mai gyara tambaya ɗaya kafin ya sa hannu a aljihu: in na tura wannan rubutu zuwa wayar ƙanena a Kano, Maƙarfi zai gani ko Maqarfi? Idan amsar ta biyu ce, aikin bai ƙare ba.